Shuɗin Kebul na Gidan Malam Zira

Jiya wani cikinku ya tsaya a bakin shagon nan yana gaya wa abokinsa wai aikinmu ba aiki ba ne. Wai ka sayi ɗan akwati, ka cusa a soket, shi ke nan wayifai ya cika gida. Na ji shi sarai. Ban tanka ba ne don ina da ƙusoshi a baki. To yau bakina ba komai, ku gyara zama. Kai kuma mai jar hula, ajiye wayar nan tukuna, da kai nake.

Ni ne Habu. Daga kasuwa har Lokuwa da Habu Dish aka san ni, ko da yake rabona da hawa rufi ɗaura dish an daɗe. Kakana ya zo daga wajen Daura da kayan koli a ka, ya ga Mubi ta yi masa ya zauna, mu kuma muka tashi muka tarar da kanmu a nan. Abin da ake kira na a kai yanzu kusan guda ne kullum. An sayi rauta, wato akwatin nan da ake sa wa layi ya raba intanet a cikin gida, an ajiye shi a falo. Mai zama a falo yana shan daɗinsa, na ɗakin baya kuwa sai ya fito tsakar gida cikin rana yana ɗaga waya sama. Hanyar kai masa sabis biyu ce. Ko a sa ripita, ɗan akwatin da kuke ta yabo, ya kamo a iska ya miƙa gaba, ko a ja kebul daga rauta har ɗakin a sa wani akwati a can. Ni mutumin kebul ne, kowa ya sani. Zan gaya muku dalilina, sannan in gaya muku gidan da na yi aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwata, aikin kuma ya ci ran mai gidan.

A shekarar da aka raba Gongola aka ce mana mu 'yan Adamawa ne yanzu, babana ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Buba mai gyaran rediyo. Bafulatani ne siriri, ba ya yawan magana, ba ya kuma duka. Da ma dukan yake yi, da ya fi sauƙi. Sai da na shekara biyar ina hura ƙura a cikin rediyo kafin ya bar ni in je aiki ni kaɗai. A Gella ne, gidan wani ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya sayi talabijin, aka ce in ja wayar eriya daga sandar gora zuwa falo. Na buga kilif, 'yan maƙalan nan da ke riƙe waya a bango, nan da can, na gama kafin azahar, na dawo ina taƙama. Washegari Malam Buba ya ce mu je ya gani. Ya tsaya ya dubi wayar ta yi ciki tsakanin kilif da kilif, ya sa yatsa ɗaya ya ja, kilif huɗu suka zubo ƙasa. Ya buɗe tafin hannunsa a jikin bango ya ce, "Taƙi ɗaya, kilif ɗaya. Ƙusar kankare. Can sama, inda akuya da yaro ba sa kaiwa." Ya koma gindin bishiya ya zauna, na sake aikin tun daga farko, mai gida da 'ya'yansa suna kallona. Tun ranar hannuna bai san wata hanya ba.

Daga rediyo muka koma dish, daga dish aka fara buɗe shagunan intanet saboda ɗalibai. Wani Ibo mai irin wannan shago shi ya nuna mini cikin kebul ɗin intanet, don ya gaji da kiran mutum daga Yola duk lokacin da ɓera ya ci masa ɗaya. In ka fere bayansa za ka tarar da siraran wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu, kowace da launinta. Sai ka warware su, ka miƙar da su da babban yatsa, ka jera su yadda aka tsara, ka datse bakinsu daidai, ka zura cikin ɗan kan roba, ka matse da filayarsa ta musamman. Sannan ka sa a testa. Fitila takwas gare ta, dole su kama ɗaya bayan ɗaya. In ta bakwai ta ƙi, ba wani lallashi, yanke kan za ka yi ka sake. Na ɓata kawuna cike da gwangwanin madara kafin hannuna ya faɗa. Yau ko ido a rufe zan jera su. Ku kuwa na ga wani cikinku rannan yana kallon hoton a waya, duk da haka ya sa kore a wurin ruwan lemo, yana cewa testa ce ta lalace.

Gidan wani Alhaji dillalin shanu shi zai nuna muku halin ripita. Ɗansa ya sayo har guda biyu daga Kano, ya kai ɗaya cikin ɗakin da ba sabis ɗin, ya cusa a soket yana jiran abin mamaki. Waya ta nuna layuka sun cika taf, amma ko saƙo ba ya fita. Alhaji ya kira ni yana faɗa, wai an sayar musu da jabu. Na ce, "Alhaji, ranar Juma'a mai ɗaga kabbara a sahun waje, in shi kansa ba ya jin liman, me zai ɗaga?" Sai ya ce to a ina za a tsayar da shi. Tsakiyar hanya ake sa ripita, inda yake jin rauta da kyau. Ko a can ɗin ma rabin ƙarfin yake ba ka, don sai ya saurara sannan ya faɗa, ba ya yin biyun a tare. Ga kuma ginin Mubi: bulo cike da siminti, ƙofar ƙarfe, kwano a sama, tankin ruwa a tsakiya. Duk waɗannan cinye sabis suke yi. Sai da aka tara matan gidan a ɗaki ɗaya na shiga na zagaya da wayata ina duba inda yake mutuwa. Ƙarshenta dai kebul na ja, ripitocin suka koma cikin durowa.

Kuna tune da watannin da aka kashe layukan waya gaba ɗaya saboda rikici. Wa zai nemi mai wayifai a garin da ko gaisuwa ba ta fita? Gyaran tocila da rediyo ne ya riƙe ni. Da aka maido da layi sai mutane suka taso da yunwarsa, musamman masu 'ya'ya a nesa, don kowa ya ɗanɗana zama ba labarin nasa. A lokacin ne aka kira ni gidan Malam Zira.

Malam Zira mutumin Michika ne, Kirista, tsohon hedimasta. Ya gina gidansa a Lokuwa ya yi ritaya a ciki. Hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma da ƙyar take fita. Falonsa matakala uku gare shi, ban ɗaki kuma yana can baya, shi ya sa matarsa Mama Kuve ta share wani ɗaki da a da suke ajiye masara da gyaɗa, ta mai da shi can. Ɗakin a ɓoye yake. Sai ka wuce kicin, ka sha kwana, ka bi wani siririn lungu tsakanin kicin da katanga kafin ka ga ƙofarsa. Baƙo zai yi wata a gidan bai san da shi ba. 'Yarsu Kwanye tana aikin jinya a ƙasar Turawa. Ita ta sa musu sola da inbata, ta aiko da rauta da wata babbar waya mai faɗin fuska don ta riƙa ganin ubanta. To rauta yana falo inda layi ya fi kamawa, tsoho yana baya, ɗaukarsa zuwa falo kuwa sai maza biyu.

Na tarar da ripita sabo fil a kwalinsa a kan tebur, cikin kayan da Kwanye ta aiko.

Mama Kuve ta ce, "Ɗana, Kwanye ya ce wannan kawai za a sa. Ba fasa bango, ba ƙura." Hausarta irin ta mutanen dutse ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta.

Na ce, "Mama, Kwanye ta san allura, ni na san bango. Can inda take da katako suke gini."

"Gwada dai tukuna."

Na gwada, don kada ta ce taurin kai ne. Na sa shi a soket ɗin baranda, wuri mafi kyau da ake da shi. Tsakaninsa da ɗakin akwai bango huɗu, ga rufin kicin, ga tsofaffin kwanukan rufi an jingine a bakin lungun. A ɗakin Baba, wato Malam Zira, layi ɗaya ya fito, yana zuwa yana ɓacewa. Muka kira Kwanye. Fuskarta ta fito, Malam Zira ya ɗaga hannun hagu yana son taɓawa, sai fuskar ta sandare, muryar ta kakkarye, aka yanke. Sau uku ana haka. A na ukun bai ɗaga hannu ba, ya juya fuskarsa bango.

Na ce, "Kin gani, Mama?"

Ta ce, "To yi naka."

Na dawo washegari da tsani, da dirili, da nadin kebul. Tana ganinsa ta ɓata fuska.

"Ba ka da fari? Bango fari, kai ka kawo shuɗi kamar bokitin wanka."

"Mama, masu kawo kaya sun daina zuwa. Abin da ke kasuwa ke nan."

Gaskiya na faɗa mata. Akwai dai abin da ban faɗa ba. Zan iya sassaƙa bango in binne shi a ciki, yadda aka binne wayar wutar gidan tun lokacin gini. Amma kwana uku ne na ƙura da bugu a kan mara lafiya, kuma ni a lokacin gani nake kebul ɗin da ke fili ya fi, in ɓera ya taɓa shi ido zai nuna maka wurin. Sai na huda bangon falo can sama kusa da silin, na fito da shi waje. Na saki ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya hau, don ruwan sama in ya biyo shi ya ɗiga a nan, kada ya shiga bango. Na bi da shi ƙarƙashin bakin kwano inda rana ba ta dukansa, taƙi ɗaya kilif ɗaya, ƙusar kankare, kowace sai da ta nutse har kai. A kwanar kicin ban karya shi ba, na zagaya da shi a hankali na ƙara kilif biyu-biyu, don a kwana kebul yake fara saki. Na bi lungun, na huda saman ƙofar Baba, na shigar, na toshe hujin da siminti. Na matse kawuna, na sa testa, fitila takwas suka kama tun karon farko. Na rataye ƙaramin akwati a bango saitin gadonsa.

Da na gama na koma tsakar gida na tsaya ina kallo. Shuɗin layi ne miƙaƙƙe a kan farin bango, tun daga falo har ya shige lungu, kamar an ja shi da rula. Wallahi na yi alfahari da shi. Mama Kuve ta kawo mini kunun gyaɗa a kofin silba, ta ɗaga kai ta duba, ta ce, "Ya yi kyau dai, amma ya cika surutu."

Muka kira Kwanye. Wannan karon fuskarta ta zauna daram, har ana ganin hawayenta. Ta ɗago jaririyarta ta nuna. Malam Zira ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin sunan 'yarsa ya fito, amma ya fito. Mama tana jingine da ƙofa tana share ido da bakin zani. Da zan tafi ya kamo hannuna da hannun hagunsa, ya riƙe gam, ya ce da ƙyar, "Aiki... mai kyau. Goma bisa goma." Hedimasta ai hedimasta ne ko a kwance. Ranar na ji daɗin sana'ata, ba zan ɓoye muku ba. Wata bakwai suka yi suna magana kusan kullum, ba a taɓa kira na gyara ba ko sau ɗaya.

Safiyar da mutanen daji suka shigo gari, dawa ta nuna ba a girbe ba. Ina shago na ji ƙarar farko. Kafin hantsi gari ya watse. Wasunku suna cikin gudun nan, ba sai na zana muku ba. Ba mota, ba keke, kowa da ƙafarsa. Ina kan hanyar Gella, ƙaramar 'yata a wuya, ina jan hannun tsohuwata, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Mama Kuve ce.

"Habu! Habu, kebul ɗinka, yaya ana cire shi?"

Na ce, "Mama, kuna ina? Kun fita?"

"Ina za mu je da Baba? Kebul ɗin nake tambaya. Yaya ana cire shi?"

Na ce, "Ki bar shi, Mama, ba abin da zai same shi! Ki zare rauta ki ɓoye, ki kashe inbata. Kebul ba ya lalacewa."

Ta ce, "Ba shi ne ba, ɗana, bangon..."

Wani abu ya fashe a bayanmu, mutane suka ture ni, na kusa yar da yarinya. Na mai da wayar aljihu. Kuma bari in gaya muku abin kunya: haushin Mama Kuve na ji. Na ce a raina, mutane na gudun ceton rai, tsohuwa tana ta kaya. Shekara da shekaru duk wanda ya kira ni a kan kebul tsoron lalacewarsa yake, sai na ba ta amsar da na saba bayarwa. Da muka huta a gindin dutse na so in sake kiranta, layi ya riga ya mutu.

Muka bi duwatsu, muka haye mayo, wato kogi, muka faɗa Kamaru, daga can aka zagayo da mu Yola. Sai da aka yi watanni na dawo. Shagon nan da kuke zaune ba ƙofa, ba dirili, ba testa, ba tsani. Nadin kebul ɗina an ƙona su a bakin titi don a cire jan ƙarfen ciki. Filayar matse kai kaɗai ta tsira, ita ma don tana aljihuna ranar. Shekarar nan ba ta da daɗin faɗa. An ƙona sandunan sabis, gidaje rabi ba kowa, waɗanda suka dawo ta abinci suke. Na koma cajin waya da ɗan janareta na aro. Kullum sai ka ji wane ya rasu, wance ba a gan ta ba. A cikin irin wannan lissafin sunaye na ji an ce Malam Zira hedimasta ma ya tafi. Na yi salati, na ce zan je gaisuwa. Ban je ba. Gaisuwar ta yi yawa a garin, kowa sai ya zaɓi ta kusa.

Sai da damina ta sake zagayowa, layi ya dawo sosai, Kwanye ta kira ni. Ta ce ta aiko da sabon rauta, in taimaka in haɗa wa Mama, ita kaɗai ce a gidan yanzu. Sai daga baya na gane ba ta san komai game da abin da zan ji ba.

Na yi sallama, Mama Kuve ta fito. Ta rame, tana ɗingishi. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa, ta ba ni kujera a baranda. Shuɗin kebul yana nan a bango yadda na bar shi, sai dai daga kwanar kicin zuwa gaba an shafa masa wani abu baƙi-baƙi, nan da can. Na tambaye ta mene ne wancan.

Ta ce, "Toka ne da laka. Ni na shafa."

Daga nan ta ba ni labari, ba kuka, ba ɗaga murya. Da gari ya watse, maƙwabcinsu Musulmi ya tsaya ya taimake ta kafin ya gudu da iyalinsa. Suka jawo tsofaffin kwanukan nan suka toshe bakin lungun, suka jibga itace da karan dawa a kai, suka bar 'yar kafa ta ƙasa da za ta riƙa rarrafawa. Ta koma tsakar gida ta tsaya ta duba ko ana gane akwai hanya. Ba a ganewa. Duk wanda ya shigo zai ce tarin itacen girki ne a jikin katanga. Tana ɗaga kai sai ta ga shuɗin layi ya fito daga falo, ya bi bango, ya sha kwana, ya shige bayan itacen kai tsaye.

"Shi ne na kira ka," in ji ta.

Na kasa haɗa ido da ita.

Ta ce ta jawo turmi ta kifa, ta hau. Mace mai shekara kusan saba'in. Ta ja kebul ɗin da hannu, ko motsi. Ta kawo wuƙar kicin ta yanke shi a wuri ɗaya, ta ga yankan bai amfana komai ba, don kowane taƙi yana manne da bango, layin yana nan yadda yake. Ta koma kan kilif da wuƙa, da cokali, da bakin fartanya. Kwana biyu tana yi, tana sauka in ta ji motsi a waje. Ta faɗo sau ɗaya, shi ne ƙafar. Da ta ga ba ci gaba ta kwaɓa toka da laka tana shafawa iya inda hannunta ya kai, laka ta bushe ta zube.

Rana ta uku da hantsi ruwa ya ƙare. Ta bi ta wata ɓaraka a katanga zuwa rijiyar maƙwabci. Tana can suka shigo, su huɗu. Ta lafe a bayan katangar tana jin komai. Suka kwashe batir da inbata da talabijin. Har sun kama hanyar fita, ɗaya ya ce, "Kai, wannan kebul ɗin ina ya nufa? Akwai kaya a ƙarshensa." Ta ji ana watsar da itace, ta ji ƙarar kwano. Ta ji muryar Baba yana ƙoƙarin yin magana. Sai ƙara ɗaya. Suka fito da ɗan akwatin da na rataye da babbar wayar, suka tafi. Ita da wasu tsofaffi biyu da suka rage a unguwar suka binne shi a bayan gida.

Na ce, "Mama, ki yafe mini." Abin da ya iya fita ke nan.

Ta ce, "Ba kai ka harbe shi ba. Kada ka gaya wa Kwanye, ya isa haka. Sabon rauta ka bar shi a falo, ni ina da ƙafa. Amma wannan ka cire mini shi yau. Na gaji da ganinsa."

Ku da kuke dariya in kun ga na yi kwana biyu ina sassaƙa bango ina binne abin da za a iya bugawa a awa uku, kuna cewa tsufa ne ya kama Habu, to yanzu kun ji. Ban daina jan kebul ba, don har gobe ripita ba zai ratsa bango huɗu ba, kuma da za a mai da ni ranar, tsohon nan yana juya fuska bango, ban san me zan yi dabam ba. Abin yana ci na, kuma ba ranar da zai daina.

Na je na aro tsani a maƙwabta. Ina da guduma, ina da filaya, ina da ƙarfina na namiji. Na fara daga falo. Ƙusar kankare in ta shekara a bulo ba ta fita da daɗi, sai ka sa bakin guduma ka girgiza, wata ta karye, wata ta fito da ɓallin siminti. Azahar ta yi ban kai rabi ba. Na sauka na yi salla a gefen baranda, na koma. Wajen kicin na fara ganin aikinta. Bangon duk ya kakkarce kewaye da kilif-kilif ɗin, zanen wuƙa a kan zanen wuƙa. Guda uku kacal ta iya cirewa.

Ƙasan wurin ba daidai yake ba, tsanin yana rawa, sai ta taso da ɗingishinta ta riƙe mini shi. Na kai kan kilif biyun nan da na ƙara a kwana. Na sa guduma na ja, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Na gyara tsayuwa na buga ta gefe, gumi yana shigar mini ido.

Daga ƙasa ta ce, "Wannan ɗin na yi yini guda a kansa."

Na ci gaba da bugawa.